Frusina da Yatsun Mutanen Katun

Ba a bakin 'yan gulma Frusina ta fara jin labarin ba, da kunnenta ta ji. Wata Asabar da yamma tana bayan gida tana watsa wa kaji tsaba, sai wani namiji ya kece da dariya a gidan maƙwabciyarta Aglaia, irin dariyar nan da ke tasowa daga ƙasan ciki har ta rikiɗe ta koma tari. Ta tsaya da kwano a hannu tana cewa a ranta wane shashasha ne wannan da girmansa. Sai da tarin ya zo ta gane mai shi. Gavril ne, mijinta.

Rabonta da jin wannan dariyar tun 'ya'yansu na rarrafe. Gavril mutum ne da in an ajiye masa tuwon masara da cuku zai ci, ya share baki, ya ce "to", ya tashi. Akuya ta haihu, "to". Rufin ɗaki na yoyo, "to". Frusina ta daɗe da sa wa ranta cewa dariyar ta zube masa ne tare da haƙoransa na ƙasa, ta kuma haƙura. Ashe tana nan, adana ta ya yi, ga shi yau yana zazzage ta a ɗakin wata.

Ita kuwa Aglaia ba baƙuwa ba ce. Tare suka tashi da Frusina, benci ɗaya a makaranta, aji ɗaya aka cire su aka miƙa musu fartanya. Da mijin Aglaia ya rasu sai 'yarta ta ja ta Detroit, can Amurka, ta yi mata renon jikoki. Ta daɗe can har aka daina tambayarta. Sai ga ta ta dawo da haƙora farare tas waɗanda kowa ya san ba da su ta tafi ba, gashi an rina shi launin jar albasa, ga wando, ga talabijin mai faɗin ƙofar rumbu. 'Yar ta haɗa mata shi yadda duk abin da take so sai ta kira shi ya zo. Cikin abubuwan da take kira har da wani katun, amma ba na yara ba. Labarin wani mai gidan wankin mota ne a wani garin Amurka, da matarsa, da surukarsa mai zuƙar taba a keken guragu, da wani fasto maƙwabcinsu da ba ya rabo da neman hanyar tara jama'a. Da Turanci suke magana, fassarar tana gudu a ƙasan allo, kafin tsoho ya gyara tabarau ya haɗa kalmar farko ta wuce. Ko ka karanta ma ba ka san me ya sa ake dariya ba. Nan Aglaia ta samu sana'a. Ta danna rimot ta tsayar da hoton, ta juyo, ta yi bayani, sannan a yi dariya. Duk Asabar bayan an ci abincin rana gidanta ya cika: Ilarie mai jan waƙar coci, da matan layin guda biyu, da Gavril.

Asabar ta gaba Frusina ta tarar da shi gaban madubi yana aski.

"Kai tsoho, gobe ce Lahadi, ba yau ba."

"Na sani."

"To wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Gemun ne ya dame ni."

"Ya dame ka. Ranar bikin jikarka sai da na bi ka da reza har bakin mota, gemun bai dame ka ba." Ta kwance zanin girki ta jefar kan kujera. "Jira ni. Ni ma yau zan ga abin da ake gani."

Ta ɗauki farantin wainar cuku da ta toya don gobe, don ba za ta shiga gidan Aglaia hannu sake a ce yunwa ta kawo ta ba.

Aglaia ta tarbe su da hannu biyu. "Frusinica! Yau rana ta fito ta yamma. Gabi, ka ga ka jawo mana ita?"

Gabi. Tunda aka haifi mutumin nan ko mahaifiyarsa ba ta taɓa gutsure masa suna ba. Frusina ta dube shi ta ga ko zai gyara mata. Bai gyara ba. Wucewa ya yi kai tsaye ya zauna a kusurwar doguwar kujera, wurin da kushin ya riga ya lotsa daidai jikinsa, Aglaia ta zauna kusa da shi da rimot a cinya. Frusina aka jawo mata kujerar katako daga kicin.

Aka kunna. Ga faston nan ya kama hayar gidan wankin motar, jama'arsa sun yi layi a cikin motocinsu, gilasai a sauke, suna shiga ɗaya bayan ɗaya, ruwa da kumfa na dukansu, shi kuma yana tsaye da lema yana ɗaga hannu sama. Aglaia ta tsayar.

"To kun ga, su can ba jarirai ake yi wa baftisma ba. Sai mutum ya girma, ƙato da gemunsa, a tsoma shi cikin ruwa tsundum. Kuma mutanen nan ba sa son sauka daga mota. Abinci daga mota, magani daga mota, na rantse muku har gaisuwar mutuwa na ji ana yi daga mota a wani wuri. Shi ne ake tsokanarsu, wai ko ruwan tsarki sai an kawo musu har sitiyari."

Gavril ya buga cinya. "Ilarie, a kai ka can mana! Ko ba ka fito da tsarki ba ka fito ba warin tafarnuwa!"

"Kai za a fara sakawa, a wuce da kai sau biyu," in ji Ilarie.

Ɗaki ya ɗauka. Aglaia tana dariya ta kai hannu ta dafa kafaɗar Gavril, wai don kar ta faɗi. Frusina ta bi hannun da ido har ya sauka.

Can gaba aka nuna yara sun yi shigar ƙwarangwal suna ƙwanƙwasa ƙofofi, ana zuba musu abu a jaka. Frusina ta ga dama ta samu, ta riga Aglaia.

"Wannan kam ba sai an fassara mini ba. Sadakar matattu ce. Sun fito da siffar iyayensu ana ba su don ran mamata. Ina abin dariya a nan?"

"Ayya, Frusinica," in ji Aglaia da muryar da ake lallashin mara lafiya. "Alawa ce kawai. Ba ruwansu da matattu. Dariyar ita ce faston ya hana, wai bikin shaiɗan ne, to dubi na ƙarshen layin can, mai babbar jaka. Kin ga takalminsa? Shi ne."

Aka sake kecewa. Gavril har da share hawaye da bayan hannu. Ya juyo ya dubi matarsa, ba da mugunta ba, ya ce, "Ke tsohuwa, ki bari wadda ta sani ta faɗa."

Wainar cuku kuwa ko rabi ba a ci ba. Masarar da ake fasawa a tukunya ta yi fari Aglaia ta zubo musu a roba, abincin kaji, suka bi ta da wawaso.

Da Litinin ta yi Frusina ta ɗaura baƙin ɗankwali ta nufi gidan Fada Serafim, limamin cocinsu. Yaro ne a wurinta, gemun ma bai gama haɗewa ba, mutum mai son zaman lafiya da kiwon zuma. Ta same shi a bayan gida cikin amya, ta sumbaci hannunsa.

"Fada, ana zagin Allah a jikin katangata."

"Subhana! Wa, Mama Frusina?"

Ta kwashe duka ta faɗa masa, da gidan wankin mota da ƙwarangwal, ta ƙara gishiri inda ya yi lami. Fada ya saurara yana kore ƙudan zuma daga hannun riga. Ta lura gefen bakinsa na motsi, abin ya ƙara ƙona mata rai.

"Faston namu ne?" ya tambaya.

"Nasu ne."

"To in sun tsokani fastonsu ai tsakaninsu ne. Mu da bishop ma ana ba da labarinmu a kasuwa, wasu ma gaskiya ne. Barasa ake sha a can?"

"Ina fa. Shayi mai ƙanƙara take ba su kamar masu zazzaɓi."

"Baba Gavril ya daina zuwa coci?"

"Yana zuwa."

"Mama, in kin ga abin da ya taɓa bangaskiyarmu kanta, ba rigar wani fasto ba, ki zo ki kira ni, da ƙafata zan je. Amma ba zan hana tsofaffi dariya ranar Asabar ba."

Ta fito tana ƙunƙuni. Abin da ya taɓa bangaskiya. To za ta samo masa, ko da za ta ƙura wa allon nan ido har ya tsiyaye.

Haka ta zama 'yar gida a wurin Aglaia. Duk Asabar tana kan kujerar katako, baki a ɗaure, jaka a cinya. Ido ɗaya a talabijin, ɗaya a kan tazarar da ke tsakanin gwiwar mijinta da ta Aglaia. Ta ga faston ya sayar da ruwan famfo a kwalba wai daga kogin Urdun. Ta ga ya roƙi jirgin sama don wai ya fi kusa da masu amsa addu'a. Kowanne Aglaia ta ce ai akwai irinsu da gaske, ta gan su a talabijin ɗin can, har wata maƙwabciyarta ta taɓa manna tafin hannu a allo don a warkar mata da ciwon gwiwa. Duk rigar fasto ce, ba ta isa a taso Fada ba. Gavril kuwa ya soma dawowa gida da labaran. Yana cin abinci sai ya yi murmushi shi kaɗai, in ta ce mene ne ya ce, "Ba komai, wani abu ne Aglaia ta faɗa."

Sai ranar da aka nuna mai gidan wankin motar ya zame a kan sabulu ya suma, ya tsinci kansa a ƙofar aljanna. Wani mala'ika na zaune a tebur yana hamma, ya miƙa masa lamba ya ce ya jira a kira shi. Mutumin da bai taɓa taka coci ba ya rikice, ya shiga zabga alamar gicciye da sauri-sauri kamar mai korar sauro. Aglaia ta tsayar daidai nan don ta yi bayanin yadda ake jira a asibitocin can, hannun mutumin ya daskare a goshinsa, ƙato, ya cika rabin allo.

Frusina ba ta ji bayanin ba. Hannun take kallo. Ta ƙirga. Ta goge tabarau da bakin ɗankwali ta sake ƙirgawa. Da aka ci gaba ta bi hannun matarsa, da na surukar mai taba, da na faston, har da na mala'ikan. Duk ɗaya. Zuciyarta ta yi wani sanyi mai daɗi, kamar ta sha ruwan rijiya da rani. Ranar har masarar kajin ta ɗiba ta ci.

Asabar da ta biyo baya sai ga ta da Fada Serafim a bayanta. Aglaia ta ɗan daburce, ta kashe taba, ta sumbaci hannunsa, ta tashi ta ba shi wurinta. Ko wannan kaɗai ya biya Frusina wahalar tafiya.

"Maido mana na ƙofar aljannan nan," ta ce. "Inda yake gicciye. Yawwa. Tsayar."

Ta je gaban talabijin ta tsaya kamar malamar makaranta, ta ɗora yatsa a kan allo.

"Ke da kika sha ruwan Amurka, kin bayyana mana mota, kin bayyana mana alawa. Wannan fa? Fada, ƙirga. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ina na biyar?"

Fada ya matso da fuska. "Lallai huɗu ne."

"Haba Frusinica," in ji Aglaia, "ai duk katun haka ake zana su. Jikana ya gaya mini, in aka yi biyar hannun sai ya zama kamar nonon ayaba, ga ɓata lokaci. Ba wata manufa."

"Ba wata manufa! Haka suka gaya miki, ke kuma kika haɗiye." Ta ɗaga hannunta na dama sama don kowa ya gani. "Tun muna kan cinya aka koya mana. Uku a haɗe: Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki. Biyu a lanƙwashe cikin tafi, domin Almasihu Allah ne kuma mutum ne. Ko ba haka ba, Fada?"

"Haka ne."

"To wannan da ya haɗa uku, nawa ya rage masa ya lanƙwashe? Ɗaya! Ina ɗayan? Sun yanke shi. Sun ce ko dai ba Allah ba ne ko ba mutum ba. A gaban idonku, kowace Asabar, kuna cin masara kuna dariya. Ba faston suke yi wa ba'a ba, faston rufa-ido ne. Ga ba'ar nan a hannu."

Fada yana shafa ɗan gemunsa, da alama bai taɓa cin karo da wannan a makarantar limamai ba. Matan layin suka yi saurin gicciye. Aglaia kuwa, a karon farko tunda ta dawo, ta ajiye rimot. Daɗi ya kwashe Frusina, ta ji kamar ta ƙara tsawo, bakin ya ƙi tsayawa.

"Ni ban yi boko ba, amma wannan na sani. Hannu mai yatsu huɗu ba ya gicciye. Duk wanda ya ɗaga shi gaban Allah izgili ya yi, ko ya sani ko bai sani ba. Hannun shaiɗan ne, ba na Kirista ba."

"Frusina," in ji Ilarie a hankali. Ba ita yake kallo ba.

Gavril ya ajiye robar masara a ƙasa. Ya ɗora hannunsa na dama a kan ɗan teburin da ke gabansu, ya baje shi. Babban yatsa, manuni, na tsakiya, na zobe. A wurin ƙaramin sai wani ɗan kututture mai sheƙi.

Injin yankan katako ne ya cinye shi, tun suna sabon aure. Ita da kanta ta naɗe hannun da ɗankwalinta ranar. Ita ta saka yatsan a gwangwanin shayi ta kai wa tsohon Fada na lokacin, aka binne shi a ƙafar kabarin mahaifiyar Gavril, yadda ake yi, don kada ranar tashin matattu mutum ya tashi yana nema. Hannun nan ya miƙo mata kwano safe da yamma shekara da shekaru, har ta daina ganinsa kamar yadda ta daina ganin agogon bango. Na katun ta ƙirga, na gida ta manta.

"Fada, kai baƙo ne, ba ka san labarin ba," in ji Gavril. Muryarsa ba ta tashi ba. "Nawa na biyar yana can wajen mahaifiyata yana jirana. Na ɗauka Allah ya san inda yake."

"Ya sani mana, Baba Gavril, ai ba yatsu yake..."

"To."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Ko ƙofar bai buga ba.

Abin da Frusina ta nema ta samu. Gavril bai ƙara taka gidan Aglaia ba. Ranar Asabar yana zaune a bencin ƙofar gida, ba aski, hannu cikin aljihu, yana kallon hanya. Bai yi mata faɗa ba, da ma ya yi. "To" ɗin ma ta gajarce, ta koma gyaɗa kai. Ranar Lahadi ta hango shi daga ɓangaren mata, duk inda jama'a suka ɗaga hannu suka yi gicciye shi sai ya sunkuyar da kai kawai, hannun na aljihu. Duk cocin sun gani, kuma duk cocin sun juyo sun dube ta. Fada ya zo har gida ya zauna da shi, ya kawo masa kwalbar zuma da labarin wani waliyyi da aka sare wa hannu. Gavril ya karɓi zumar da hagu ya yi godiya.

Ga wani ƙarin baƙin ciki. Fada ya ce tunda magana ta taso, wajibinsa ne ya riƙa zuwa gidan Aglaia yana sa ido. Ya je sa ido, Asabar ta gaba ya je da matarsa, don limaman cocinsu na aure. Labarin yatsu ya zaga ƙauye, kowa yana son ya ƙirga da kansa, har sai da aka aro benci daga makaranta. Yanzu in yamma ta yi dariyar da ke tsallako katanga ta ninka ta da, a ciki har da wata siririya kamar ta akuya, ta Fada. Frusina na kicin tana goge tukunyar da ta riga ta goge. Ta taga tana ganin ƙeyar mijinta. Duk sanda dariyar ta tashi sai kansa ya ɗan karkata wajen, sannan ya maido shi.

Sau nawa ta buɗe baki. Ta kawo masa miya ta tsaya a kansa, maganar ta zo har maƙogwaro, sai ta ji ta ce, "Ka sha kafin ta huce." Matar da ke iya sauke wa kasuwa guda kwandon magana, kalma ɗaya ta gagare ta.

Aka shiga Asabar ɗin tunawa da matattu, ranar da kowa ke hawa maƙabarta da safe da kyandir da dafaffiyar alkama mai zuma. Frusina ta yi wa iyayenta, ta yi wa surukarta, Fada ya bi kaburbura ya yi addu'a ya yayyafa ruwan inabi ya wuce gaba. Da ta ga jama'a sun yi nisa sai ta zaro wani ɗan guntun kyandir daga aljihu, ta durƙusa da ƙyar a ƙafar kabarin surukar, ta share ciyawa, ta kafa shi. Ta ɗebi alkama cokali ɗaya ta zuba a murfin kwalba ta ajiye kusa. Ta waiga hagu da dama.

"Kai ɗan ƙarami," ta ce ƙasa-ƙasa, "ni ce Frusina. Ni na kawo ka nan a gwangwanin shayi, in ka tuna, gwangwanin ma sabo ne. Na yi maka rashin kunya a gaban mutane. Ba da kai nake ba, da waccan mai haƙoran aro nake, bakina ya zarce. Kai ba ruwanka, kana kwance abinka. 'Yan'uwanka huɗu kuwa ba na shaiɗan ba ne, sun yi noma, sun yi mini rufin ɗaki, ba su taɓa dukana ba. Ka gaya wa mai hannun. Ni in na tsaya gabansa harshena ƙullewa yake. Ga alkama nan, kaɗan na zuba, na san ba ka da ciki."

Sai ta ji wani sauti a bayanta, kamar ana jan guga a rijiya. Ta juyo. Gavril ne tsaye da kwandon burodin da ta manta a gida, fuska ta yi ja, kafaɗu na rawa. Ya yi ƙoƙarin riƙewa don wurin da suke, abin ya fi ƙarfinsa. Ya fashe. Ya ajiye kwandon, ya kama gicciyen kabarin mahaifiyarsa da hannun nan na dama don kar ya kife, yana dariya har ta koma tari, mutane daga can nesa suna ɗaga kai.

"Ba ka da ciki!" ya ce yana haki. "Wayyo Allah, tsohuwa, za ki kashe ni. Sadaka kika yi wa yatsa?"

"Rufe mana baki, a maƙabarta muke," in ji ta. Amma ba ta so ya rufe ba. Ta zauna a kan dugaduganta tana kallonsa, tana jin abin yana ratsa ta har ƙafa. Wannan tata ce. Ba rimot, ba bayani, ba wanda ya je Amurka ya ɗauko ta.

Ya lafa, ya share ido, ya dubi ɗan kyandir ɗin. Ya haɗa uku, ya lanƙwashe ɗaya, ya yi gicciye a tsanake. Sannan ya miƙa mata hannun ya tashe ta.

Suna gangarowa yana ta ƙyaƙyatawa shi kaɗai. Da suka zo kwanar layinsu ya shafa haɓa.

"Ruwan zafi ya rage a murhu? Zan ɗan yi aski."

Frusina ta ja ta tsaya. "Askin me?"

"Yau fa Asabar. Wannan labarin sai na ba Aglaia, wallahi sai ta faɗo daga kujera."

"Ka ba wa?"

"Ke ma kin san ta iya jin labari."

Ta fizge kwandon daga hannunsa ta yi gaba, tana tafe ɗankwali na karkacewa.

"Ina kuma za ki da sauri haka?"

"Wurin zama zan kama. Yau a doguwar kujera zan zauna, a tsakiya, ko Fada ne a kai sai ya matsa. Kuma labarin nawa ne, ni zan ba da shi. In ta kuskura ta tsayar da ni don ta yi bayani, sai na cusa mata rimot ɗin a baki."